Dinar tara kuɗi ta ƙungiyar kare masu saye a Amurka: karrama 'yan siyasa ba cin ladan kuturu ba ne?

Dan_Kurmi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da nake so waɗanda suka san harkar ƙungiyoyin sa-kai na Amurka su warware mana. Ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye irin su Public Citizen, wadda Ralph Nader ya kafa a 1971, suna bugun ƙirji da cewa ba sa karɓar ko sisi daga kamfani ko gwamnati, don kada kowa ya riƙe musu wuya. Amma kuma su ne za ka ga sun kama zaure a Washington, sun shirya dinar tara kuɗi, suna miƙa lambar yabo ga sanatoci da 'yan majalisa masu ra'ayin kawo sauyi, kusan duk 'yan ɓangare guda. Doka ta yarda ƙungiyar da aka yafe wa haraji ta yi haka? Abin da ake tarawa ma ya kai wahalar? Sannan wanda ka yaba da daddare, da wane ido za ka fito da safe ka ce ya ci amanar masu saye?

Barista_Hauwa:
Wa alaikumus salam Malam. Bari in ɗauki ta doka. Public Citizen a baki ƙungiya ɗaya ce, a takarda gida biyu ne. Akwai Public Citizen Foundation a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji, akwai Public Citizen Inc. a ƙarƙashin 501(c)(4). Wanda ya ba wa ta farkon, wato c3, gudummawa yana samun rangwamen haraji, amma tun 1954, lokacin da Lyndon Johnson yana sanata ya shigar da gyaran da ake kira da sunansa, an hana irinta goyon bayan ɗan takara ko adawa da shi. Hani ne kwata-kwata, babu zancen kaɗan ba laifi. Ta biyun, wato c4, tana da damar kamun ƙafa a majalisa iya ƙarfinta, tana ma iya taɓa siyasar zaɓe muddin ba ta zama babban aikinta ba, sai dai mai ba ta kuɗi ba ya samun rangwame.

Karrama mai riƙe da kujera saboda aikin da ya yi ba ya cikin hanin. Hukumar haraji ta IRS ta fitar da hukunci mai lamba 2007-41 da misalai 21, a ciki ta fayyace yadda ko ɗan takara zai iya magana a taron c3 da wata hular da ba ta takara ba. Sai an gayyace shi don wani dalili daban, misali dokar da ya ɗauki nauyi. Kada shi ko wani jami'in ƙungiyar ya ambaci takararsa ko zaɓen. Kada a tara wa kamfen ɗinsa ko kwabo a wurin. A katin gayyata kuma a bayyana da wace hula ya zo.

Inda ake zamewa ba a jawabin sanatan ba ne, domin su sun san ƙa'ida. Mai gabatarwa ne zai ji tafi ya kwashe shi, ya ce "mu tabbata mun mayar da ita a watan Nuwamba". Wannan jimla ɗaya ta isa a kai ƙara. Shi ya sa lauyan ƙungiya ke karanta rubutun mai gabatarwa da na masu miƙa lambar tun kafin ranar, kuma a aika wa ofishin wanda za a karrama wasiƙar tunatarwa.

Abu_Sadiq77:
Barista, to an taɓa hukunta wani kuwa, ko barazana ce kawai a takarda?

Barista_Hauwa:
Da wuya, amma an yi. Wata coci a jihar New York ta buga talla a jaridu kwanaki kaɗan kafin zaɓen 1992 tana gargaɗin Kiristoci kan Bill Clinton, IRS ta soke mata yafiyar haraji a 1995, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2000. Ban da sokewa akwai tara: kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da aka kashe a kan ƙungiyar, kashi 2.5 a kan shugaban da ya amince yana sane. Amma abin da ya fi ba su tsoro ba tarar ba ne. Ƙungiyar da sana'arta kai ƙarar wasu kan karya dokar kuɗin zaɓe, abokan gabarta kunne a buɗe suke kwana.

Mai_Lissafi:
Ni tambaya ta biyu zan taɓa. Ga misali da na ƙirƙira don a ga yadda lissafin ke tafiya, ba alƙaluman wata ƙungiya ba ne. A ce kujera 400, tebur 40 mai mutum goma-goma.

Shiga: tebur biyu a dala 25,000, shida a 10,000, sha shida a 5,000. Wannan 190,000 ke nan daga tebur 24. Tikitin ɗaiɗaiku 100 a dala 350, 35,000. Kujera 60 kyauta ce: ma'aikata, waɗanda za a karrama da hadimansu, 'yan jarida. Roƙon da ake yi a cikin zaure 55,000. Shafukan taya murna a littafin taro 20,000. Jimilla 300,000.

Fita: abinci 120 a kan kowa, abin sha 45, wato 66,000. Otal zai ɗora kuɗin hidima, a ce kashi 25, ya zama 82,500. Lasifika, majigi, fitilu da masu kula da su 22,000. Bidiyon yabo 10,000. Ɗab'i da aikawa 8,000. Ado 5,000. Mai hoto, allunan karramawa da tsaro 5,500. Mai tsara taro 15,000. Kuɗin da kamfanin kati ke cira wajen 3,000. Jimilla 151,000.

Saura 149,000. Kowace dala ɗaya da ta shigo, rabinta ta tafi. Ba wani abin mamaki ba ne, masu nazarin tara gudummawa a can sun daɗe suna ɗaukar santi 50 a dala a matsayin abin da taro ke ci. Kuma ban sa albashin ma'aikata biyu da za su shafe wata biyar suna bin masu tebur a waya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, gardin a nan otal ne.

Uwar_Biyu:
Yaya Mai_Lissafi ka manta haraji. A Washington abincin da aka dafa aka sayar harajinsa kashi 10 ne, in ƙungiyar ba ta miƙa wa otal takardar yafiya ta birnin ba za a ɗora mata. Wannan ma na cikin dalilan da ya sa ake so gidan c3 ya sa hannu a kwantiragin, ba c4 ba.

Sannan kwantiragin otal yana da tarko biyu da sababbin shiga ba sa gani. Akwai mafi ƙarancin kuɗin abinci da abin sha da kuka yi alkawari, ko mutum 250 suka zo sai kun cika shi. Akwai kuma adadin ƙarshe da ake bayarwa galibi awa 72 kafin taro. Daga nan ana iya ƙarawa, ba a ragewa. Masu sayen tebur kuwa sun shahara da barin kujeru fayau, mutum ya biya 10,000 ya turo mutum huɗu. Don haka mai wayo ba ya ba otal 400, sai ya ba su ƙasa da haka, tunda otal kan shirya 'yan faranti sama da abin da aka ce. Mako biyu kafin ranar a kira kowane mai tebur a karɓi sunaye, kujerar da ba ta da suna a cike ta da ɗalibai ko 'yan sa-kai. Sanata ya hau mumbari ya ga teburan gaba rabi babu kowa, baɗi ba zai amsa gayyata ba.

Mai_Lissafi:
Gaskiyarki ƙanwata, na bar shi ne a kan suna da takardar. In babu, ƙara wajen 8,000 a kan abin da na lissafa.

Sarkin_Shakka:
To in rabi ke tafiya, me ya sa ake yi? A aika wa mambobi wasiƙa mana a huta. Ni dai na ce shagali ne na manya, an lulluɓe shi da sunan talaka mai sayen kaya.

Malam_Tanimu_DC:
Ranka ya daɗe, tambayarka ita ce ta kai mu ga zuciyar maganar. Wanda ake karramawa shi ne injin tara kuɗin. Ba a fara da tambayar wa ya cancanta kaɗai ba, ana haɗawa da wa zai cika tebur. In aka sa sunan sanatan da ya yi fice wajen faɗa da bankuna, to ofisoshin lauyoyin da ke shigar da ƙarar taron dangi a madadin masu saye, ƙungiyoyin ƙwadago, gidauniyoyi da attajirai masu wannan ra'ayi, kowa zai ji kunyar a ce babu sunansa a littafin taro. Ana kafa kwamitin masu masauki wata shida kafin ranar, kowanne da adadin da zai kawo ko ya nemo. A misalin Mai_Lissafi, duba da kyau, 190,000 cikin 300,000 ta shigo tun ba a dafa komai ba. Dinar da ba ta biya kuɗinta daga masu tebur kafin a buga katin gayyata ba, ta riga ta faɗi.

Riba ta biyu ba ta fitowa a lissafin daren. Kuɗin gidauniyoyi yawanci a ɗaure yake zuwa, an ce na aikin magunguna ne ko na aikin motoci. Kuɗin dina a sake yake, da shi ake biyan haya da wuta da lauya. Kuma baƙon da wani ya jawo teburinsa bana, in aka bi shi da waya cikin mako guda, shi ne mai bayar da 5,000 bayan shekara uku. Ƙungiyar da ba ta karɓi lambar waya da adireshin kowane baƙo a ƙofa ba ta ciyar da mutane a banza.

Sarkin_Shakka:
Ka ga ka faɗa da bakinka. Lauyoyin da ke cin abinci da ƙarar kamfanoni su ma 'yan kasuwa ne. In ƙungiya tana yaƙi da sharaɗin tilasta sasanci a wajen kotu da ake cusawa a takardar katin bashi da ta waya, lauyan nan shi zai fi kowa amfana in aka ci nasara. A ce ba a karɓar kuɗin kamfani alhali tebur na gaba na masu riba ne a sakamakon, ai an fita ta ƙofa an dawo ta taga.

Malam_Tanimu_DC:
Wannan sukar ita ce 'yan kasuwa ke yi musu kullum, kuma ba za a ce babu ƙamshin gaskiya a cikinta ba. Amsar da suke bayarwa ita ce matsayarsu ta riga kuɗin zuwa, ba kuɗin ne ya haife ta ba. Mai karatu ya auna. Abin da zan ƙara shi ne ba duka suka zama ɗaya ba. Consumer Reports, ƙungiyar da ke gwada kayayyaki tana buga sakamakon, tun 1936 ba ta karɓar talla, kayan da take gwadawa ma da kuɗinta take saye a kasuwa. Wasu kuma a fili suke karɓar kamfanoni a matsayin masu ɗaukar nauyin dinarsu. Hanya mafi sauƙi ta sanin wace ce wace, buɗe shafin ƙarshe na littafin taro ka karanta sunayen.

Zee_Akawu:
Tunda an zo kan kamfanoni masu ɗaukar nauyi, akwai layin da haraji ya ja. Sa suna da tambarin kamfani a allo godiya ce, babu haraji a kan kuɗin. Da zarar an rubuta "mafi araha", ko an sa farashi, ko an ce ku je ku saya, ya koma talla, kuɗin na iya shiga cikin abin da ƙungiyar za ta biya wa haraji. Ƙungiyar kare masu saye kuma tana da wani dalilin da ya fi haraji: tambarin kamfani kusa da nata tamkar shaida ce ta inganci.

Ga masu tikiti kuwa, a c3, ba duka 350 ɗin ce sadaka ba. Duk biyan da ya haura dala 75 kuma aka ba ka wani abu a madadinsa, wajibi ne ƙungiyar ta rubuta maka ƙimar abin da ka samu. In abincin da shagalin sun kai 150 a kasuwa, 200 ce kawai za ka cire a lissafin harajinka. Tebur na 10,000 mai kujera goma, 8,500. A lura, ƙimar kasuwa ake nufi, ba abin da ƙungiyar ta kashe ba. Ko wani ne ya ba da abincin kyauta, sai an cire ƙimarsa. Rashin rubuta wannan bayani tararsa dala 10 a kan kowane biya, har zuwa 5,000 a taro guda. Kuma wanda ya karɓi tikiti bai je ba, bai tsira ba, sai in tun farko ya mayar ko ya ce ba ya so. Shi ya sa katin amsa gayyata ke da layin "ba zan samu zuwa ba, ga gudummawata".

Abu_Sadiq77:
Anti Zee, wanda kuɗinsa ke cikin asusun sadaka irin wanda ake ajiyewa a Fidelity Charitable, zai iya cewa a biya tebur daga can?

Zee_Akawu:
A'a. Wannan kuɗin an riga an ci rangwamensa tun ranar da aka zuba shi, don haka ba a sayen abin da mai shi zai amfana da shi. Dabarar da wasu ke yi ta raba biyu, asusu ya biya 8,500 shi ya biya 1,500 daga aljihu, IRS ta nuna a sanarwarta ta 2017-73 cewa ba ta yarda da ita ba, masu riƙe da asusun ma ba sa sakin kuɗin. In yana so, asusun ya ba da gudummawa zalla, shi kuma ya bar kujerun.

Baban_Ummi:
Ni abin da na sani shi ne ɗan majalisar Amurka ba ya karɓar kyautar da ta wuce dala 100. To abincin 150 fa, da lambar?

Barista_Hauwa:
Baban Ummi, ɗan gyara kaɗan. Kyauta guda sai ta gaza dala 50, jimillar shekara daga mutum ɗaya kuma ta gaza 100. In mai bayarwa mai kamun ƙafa ne mai rajista, ko ma'aikatar da ta ɗauki irinsu aiki, tun dokar 2007 ko wannan ɗin babu. Ƙungiyoyin kare masu saye da yawa suna da masu kamun ƙafa masu rajista, saboda haka ba ta wannan ƙofar ake bi ba. Ƙa'idojin majalisun biyu sun keɓe lambar yabon da ba ta kuɗi ba wadda aka bayar don hidimar jama'a, tare da abincin wurin miƙa ta. Sun keɓe halartar taron tara kuɗin sadaka, da taron da aka gayyaci jama'a da yawa, aƙalla mutum 25 daga wajen majalisa. Sharaɗin da ake yawan takawa shi ne gayyatar sai ta fito daga mai taron. Wanda ya sayi tebur ba shi ne mai taro ba, ba zai ɗauki waya ya ce sanata zo ka zauna a teburina ba. Sai dai ya nuna sha'awa, ƙungiyar ta gayyata, ita kuma ke da ikon inda za ta zaunar da kowa.

Kuɗin jawabi kuwa haramun ne gare su tun 1991. Lambar ma allo ce ko gilashi mai rubutu, ba agogon zinare ba.

Gwani_Lawal:
Ƙari a kan na Barista. Dokar 2007 ɗin nan ta kawo fom LD-203, wanda masu kamun ƙafa da ma'aikatunsu ke cikewa sau biyu a shekara, 30 ga Yuli da 30 ga Janairu. A ciki dole a bayyana kuɗin da aka kashe wajen taron karrama ɗan majalisa ko babban jami'in gwamnati, da sunansa. Kowa na iya bincika shi a intanet kyauta. Sayen tikiti ko tebur shi kaɗai a taron wani ba lallai ya shiga ba, amma in ka sayi da yawa har ya zama kai ke ɗauke da taron, ya shiga.

Jami'an ɓangaren zartarwa, irin shugabannin FTC (hukumar kula da ciniki ta tarayya) ko CFPB (hukumar kare masu hulɗa da bankuna da masu ba da bashi), nasu ya fi tsauri. Kyautarsu dala 20 ce a lokaci guda, 50 a shekara. A taron tara kuɗi, zama shugaban girmamawa, zama a babban tebur, ko tsayawa a layin gaisawa da baƙi, duk ana lissafa su a matsayin shiga aikin tara kuɗin. Jami'i na iya yin jawabi kan aikin hukumarsa in lauyoyin ɗa'a sun amince, amma ba zai ce ku ba da ba. Shi ya sa sau da yawa ake jira mutum ya sauka daga muƙami kafin a karrama shi.

Dan_Kurmi:
Na gode ƙwarai. Doka na gane, lissafi na gane. Amma ta ukun fa har yanzu tana nan. In baki ya ci, ido ya ji kunya, a nan ma ƙungiyar ce ta ci da sunan sanatan.

Hajiya_Mairo_K:
Malam, akwai tarihin da ya kamata a sa a ma'auni. Joan Claybrook ta bar aikin kamun ƙafa na Public Citizen ta zama shugabar hukumar kiyaye haɗurran motoci a gwamnatin Jimmy Carter a 1977. Ba a rufa shekara ba Nader ya fito fili ya nemi ta yi murabus, a kan jinkirin tilasta jakar iska a motoci. Ta hannun damansa ce fa. Daga baya ita ce ta shugabanci ƙungiyar daga 1982 zuwa 2009. Haka kuma sun yaƙi yarjejeniyar ciniki ta NAFTA a 1993 a hannun Clinton, suka yaƙi irinta ta TPP a hannun Obama, duka 'yan Dimokurat. Ba ina cewa dina ba ta sa kunya ba ne. Ina cewa ma'aunin ba wa aka karrama ba ne, a duba takardun da ƙungiyar ta fitar a shekarar da ta biyo baya, a ga ko sunan mutumin ya fito a inda ya kauce.

Sarkin_Shakka:
Hajiya, shugaban ƙasa daban, sanatan da ya cika maki tebur 24 daban. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A karrama wanda ya yi ritaya mana.

Malam_Tanimu_DC:
Wanda ya yi ritaya ba ya sayar da tebur, ranka ya daɗe, sai in gagarabadau ne. Nan gizo ke saƙar.

Fati_Bincike:
Ni ɓangare guda ɗin ne ya fi damuna, ba don doka ba, don dabara. Dokokin kare masu saye da suka daɗe suna aiki da yawansu hannu biyu ne ya ɗauke su. Nixon ne ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar lafiyar kayayyaki a 1972. Dokar sayar da na'urar ji ba tare da takardar likita ba, Elizabeth Warren da Chuck Grassley ne suka tura ta a 2017, ta fara aiki a kantuna a Oktoban 2022. Dokar hana takardar kuɗin asibiti ta ba-zata Trump ne ya sa mata hannu a Disamban 2020. A 2025 Bernie Sanders da Josh Hawley suka haɗu a ƙudurin ƙayyade ruwan katin bashi a kashi 10. Ita kuwa CFPB, da ta fito daga dokar Dodd-Frank ta 2010 kusan da ƙuri'un jam'iyya ɗaya, kowa ya ga yadda take jijjiga duk lokacin da mulki ya sauya hannu. A Majalisar Dattawa sai da ƙuri'a 60 ake wuce masu toshe muhawara. Ƙungiyar da jerin waɗanda ta karrama shekara goma duk launi ɗaya ne, ranar da za ta nemi ɗan Rifablikan ya sa hannu a ƙuduri, hadiminsa zai fara da buɗe wannan jerin.

Gwani_Lawal:
Gaskiya ne, amma juya shi. Ki karrama ɗan Rifablikan kan ƙuduri ɗaya alhali ya kaɗa ƙuri'ar rusa CFPB, masu tebur ɗinki na ƙwadago za su janye, mambobi su cika akwatinki da wasiƙun fushi. Mambobin nan ba sa mantuwa. Nader ya bar shugabancin Public Citizen tun 1980, amma da ya yi takara a 2000 ya samu ƙuri'a sama da 97,000 a Florida, inda Bush ya wuce da 537, ƙungiyar ta sha fushin magoya baya a kan abin da ba ta da hannu a ciki. Mafitar da wasu ke bi ita ce lamba uku a dare ɗaya: ta ɗan siyasa, ta ɗan jarida mai bincike, ta mai fafutuka ko wanda ya tona asirin kamfaninsa. Consumer Federation of America, wata gamayyar ƙungiyoyin kare masu saye, na da irin wannan tsari, lambarta ta hidimar jama'a sunan Sanata Philip Hart na Michigan take ɗauke da shi. Aƙalla hoton daren ba zai zama na taron jam'iyya ba.

Ɗan_Fagge:
Ashe dai ƙaddamar da asusu ne irin namu, da babban mai ƙaddamarwa da uban taro. Bambancin kawai su ba sa sanar da miliyan goma a lasifika a neme su a rasa.

Uwar_Biyu:
Su ma suna da masu alkawarin iska, ƙanina, dabara suka yi wa abin. A ƙofa ake karɓar katin bankin baƙo a ɗaura shi da lambar da za a ba shi a kwali. Lokacin roƙo mai shela zai fara daga sama, wa zai ba da 10,000, ya sauko 5,000, 1,000, har 100. Ka ɗaga kwalinka, mutum biyu su rubuta lambar don kada a yi musu, a cire a daren ko washegari. Kuma ba a kiran 10,000 sai an riga an shirya da wanda zai ɗaga, domin in aka kira zaure ya yi tsit, sauran matakan ma sun mutu. Ana yin roƙon ne bayan babban abinci kafin kayan zaƙi, kuma kafin jawabin babban baƙo. In sanata ya gama magana rabin zaure zai bi shi waje.

Abu_Sadiq77:
Gwanjo da cacar tikiti fa? Na ga ana haɗawa.

Zee_Akawu:
Cacar tikiti, ban da abin da addini ya ce a kanta, kuɗinta ba sadaka ba ce a wurin IRS, babu rangwame ko kaɗan, kuma a Washington sai da lasisi. A gwanjo mai saye yana cire abin da ya haura ƙimar kayan ne kawai, in an sanar da ƙimar tun farko. Ƙungiyar da ba ta karɓar kayan kamfani kuwa gwanjonta ba ya da armashi, tunda tikitin jirgi da kwanan otal ɗin da ke jan kuɗi kamfanoni ne ke bayarwa.

Wani abu ga mai son bin diddigi: fom 990, wato rahoton shekara da ƙungiya ke miƙa wa IRS, a buɗe yake, kafar binciken labarai ta ProPublica ma na ajiye su. Jadawalin G ne ke nuna taruka. Kada ka firgita in ka ga asara a ƙasa. Fom ɗin yana cire ɓangaren sadaka ya kai shi wani layi, ya bar ƙimar abinci kawai ya gwada da kuɗin da aka kashe. A misalin Mai_Lissafi, kujera 340 sau 150 dala 51,000 ce, a gwada da fitar 151,000, sai ya nuna asarar wajen 100,000 a taron da ya kawo riba. Layin farko za ka duba, ka cire jimillar kashewa da kanka. Sunayen masu bayarwa dai ba za ka gani ba, ana shafe su a kwafin jama'a.

Malam_Tanimu_DC:
Abu biyu da ke rusa irin wannan dina musamman, waɗanda ba su shafi ta asibiti ko ta makaranta ba. Na farko kalandar majalisa. Agusta hutu ne, Juma'a kowa ya tafi mazaɓarsa, ranar farko ta mako kuma Majalisar Wakilai kan fara ƙuri'a da 6:30 na yamma. Talata ko Laraba ake nema, kuma duk da haka ƙuri'a na iya faɗowa ana tsakiyar miya. Dole jadawalin ya zama mai lanƙwasuwa, a riƙe lambar wayar hadimin da ke tare da shi, a kuma ajiye bidiyon godiya na minti biyu da aka ɗauka tun da wuri. Zauren ma kada ya yi nisa da majalisa.

Na biyu ƙwadago. Otal ɗin sai wanda ma'aikatansa ke cikin ƙungiya, a Washington reshe na 25 na ƙungiyar ma'aikatan otal ta UNITE HERE ke nan. Katin gayyata a buga shi a maɗaba'ar 'yan ƙungiya, da ɗan tambarinsu a ƙasa, akwai masu juya kati su duba kafin su karanta. A kwantiragi kuma a sa sharaɗin fita ba tara in yajin aiki ya ɓarke, domin babu ɗan siyasa mai wannan ra'ayi da zai keta layin masu yaji ya shiga karɓar lamba ana ɗaukarsa hoto.

Fati_Bincike:
Barista, sunan sanatan a katin da ke neman dala 25,000 fa? Ba shi ne yake roƙo ba a fakaice?

Barista_Hauwa:
A Majalisar Wakilai an yarda mamba ya nema wa ƙungiyar sadaka irin c3 gudummawa, muddin bai yi amfani da ma'aikatan ofis, takardar ofis ko hatimin majalisa ba, kuma bai nufi masu kamun ƙafa da roƙon ba. In c4 ce sai ya nemi izinin kwamitin ɗa'a a rubuce. Don haka kafin a kai kati maɗaba'a ana tura samfurinsa ofishin kowane wanda za a karrama, su nuna wa kwamitin. A ba wannan mako uku a jadawali, ba kwana uku ba.

Dan_Kurmi:
To in gidajen biyu ne suka haɗa taron, c3 da c4, mai tebur ya rubuta cak ɗaya, wa ke ɗauka?

Zee_Akawu:
Cak ɗaya gida ɗaya, sunan da ke kansa shi ne mai shi. Katin amsa ya ba da zaɓi biyu a fili, da bayanin cewa na c4 babu rangwame. Kashe-kashen kuma a raba su gwargwadon abin da kowanne ya samu, da yarjejeniya a rubuce tun kafin taro. c4 na iya ɗaukar wa c3 nauyi, amma c3 ba ta biya wa c4 abincin baƙinta.

Sarkin_Shakka:
Har yanzu ba wanda ya kawo min sunan sanata ɗaya da aka karrama bana aka caccake shi baɗi. Hajiya Mairo, ina jira.